Ringin Fistin: Aikinsa, Ɗaurinsa, Da Abin Da Ke Kashe Shi A Yankin Kura

Duk wanda ya bar birnin Kano ya bi hanyar Zariya tsakanin watan Disamba da na Maris, da ya kai Kura zai ga abin da ba a saba gani ba a yawancin ƙasar Hausa a irin wannan lokaci. Ko'ina ya bushe, ciyawa ta ƙone, amma a nan dama da hagu kore ne shar, ga alkama, ga tumatir, ga albasa da masara. Wannan albarka ta samo asali ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke biyo babbar magudana, ya ratsa ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Kadawa da Garun Malam. An tsara kashi na farko na shirin ya shayar da hekta 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke kula da shi.

Ruwan Tiga da ƙafarsa yake zuwa, domin gangara ce ke kawo shi har bakin gona. Amma in aka ɗebe shi, kusan kowane aiki na wannan noma a kan inji yake tafiya. Tarakta ke yin kaftu. Manoman da gonakinsu ke wajen tsarin magudanai da injin ban-ruwa suke janyo ruwa daga rafi ko rijiyar burtsatse. Masu casar shinkafa a garin Kura sukan koma kan injin dizal idan babu wutar lantarki. Babur ke kai manomi da takinsa gona, motoci manya da ƙanana kuma su ke kwasar kwandunan tumatir daga kasuwar Kwanar Gafan zuwa Legas da sauran biranen Kudu.

Dukkan waɗannan injuna, babbansu da ƙaraminsu, ciwo guda ya fi kwantar da su. Inji ya fara hayaƙi, ya riƙa shan baƙin mai, ƙarfinsa ya ragu, a kai shi gareji, makanike ya saurara ya ce ringi ya cinye. A sayo sabo a ɗaura, bayan wata uku ko huɗu hayaƙi ya dawo, sai mai inji ya ɗora laifi a kan jabun kaya. Gaskiya ne akwai jabu a kasuwa. Amma abu biyu sun fi jabu kashe ringi a wannan yanki, watau ƙurar da ke shiga inji, da kuma ɗaura ringi ba tare da awo ba. Domin a fahimci haka, ya kamata mu fara duba abin da ringi yake yi.

Abin Da Ke Faruwa Cikin Silinda

A cikin injin mota akwai ramuka masu santsi kamar gwangwani, su ake kira silinda. Yawancin ƙananan motoci guda huɗu gare su, injin ban-ruwa da babur kuwa guda ɗaya. Cikin kowace silinda akwai fistin, wani curin ƙarfe mai hawa da sauka. Motsi huɗu yake yi kafin ya cika zagaye ɗaya na aiki. Da farko ya sauka ya zuƙo iska da fetur. Sa'an nan ya hau ya matse su. Sai fulogi ya ba da wuta, su kama, zafin ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. A ƙarshe ya sake hawa ya kore hayaƙi ta salansa. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya daidaita wannan tsari a 1876. Injin dizal, wanda Rudolf Diesel ya kammala a 1897, haka yake aiki, sai dai shi ba shi da fulogi, zafin matsewar iska ne ke kunna man.

To, a nan wata matsala ta taso. Fistin ba zai yiwu ya cika silinda maƙil ba, saboda yawancinsa da alminiyam ake yi, shi kuwa alminiyam idan ya yi zafi kumburinsa ya kusa ninka na ƙarfen silinda sau biyu. Da za a yi shi daidai wa daida, da inji ya ɗumama sai ya cije. Saboda haka dole a bar ɗan sarari tsakaninsu, kamar kaurin gashi ɗaya ko ƙasa da haka. Amma kuma matsin da ke kan fistin lokacin da wuta ta kama ya ninka iskar da ke cikin tayar mota sau ashirin ko fiye, kuma irin wannan matsi ba ya raina kafa, kome ƙanƙantarta. In an bar sararin a buɗe, ƙarfin da ya kamata ya tura mota sai ya zurare ƙasa, baƙin mai kuma ya hauro sama ya ƙone. Ringi shi ne abin da ke toshe wannan kafa, alhali fistin yana ta kai da kawowa.

Kafin a samu ringi, masu injunan tururi a Ingila igiyar rama suke naɗawa jikin fistin su shafa mata kitse, ba ta daɗewa take cinyewa. A farkon shekarun 1850 wani injiniyan jirgin ƙasa, John Ramsbottom, ya fito da dabarar yin siririn zobe na ƙarfe wanda aka tsaga a gefe ɗaya, aka kuma yi shi ya ɗan fi silinda faɗi. Idan aka matse shi aka tura ciki, sai ya riƙa neman buɗewa, ta haka ya manne da bango da kansa. Da irin wannan zobe jiragen ƙasa masu cin gawayi suka yi aiki, har da waɗanda suka fara isowa Kano a 1911. Har yau ƙirar ba ta sauya ba, sai dai an kyautata ƙarfen da ake yinsa da shi.

Zobe Uku, Kowanne Da Aikinsa

A jikin fistin ɗin mota akwai tsagogi uku a kewaye, kowanne da ringinsa. Na sama shi ne mai tare wuta. Shi ya fi shan zafi da matsi, don haka akan yi shi da ƙarfe mai tauri, a lulluɓe fuskarsa da kurom ko wani abu mai jure guga. Abin lura shi ne, ƙarfin buɗewarsa kaɗai bai isa ya tare matsin ba. Iskar da aka matse ce ke bi ta samansa ta shiga bayansa, ta danna shi ƙasa cikin tsaginsa, ta kuma tura shi jikin bango. Watau gwargwadon ƙarfin matsi, gwargwadon yadda ringi ke mannewa. Wannan ya sa dole ringi ya kasance yana motsi sakayau cikin tsaginsa. Idan gawayin mai ya taru ya liƙe shi, ya daina aiki ke nan ko da bai cinye ba.

Na biyu yana tare abin da ya kuɓuce wa na sama, amma babban aikinsa kankare mai ne. Fuskarsa a ɗan karkace take, yadda in fistin zai hau sai ya sulale a kan mai, in zai sauka kuma bakinsa na ƙasa ya kankaro man ya mai da shi ƙasa.

Na uku shi ne ringin mai. A motocin fetur kashi uku ne, siraran zobba biyu da wani sifirin mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiyarsu wanda ke tura su jikin bango. Shi ke share yawancin man da ake watsa wa silinda, ya mai da shi ƙasa ta ƙananan hudoji da ke cikin tsaginsa, ya bar ɗan shafe kawai wanda na sama za su yi gudu a kansa. Tsofaffin taraktoci masu injin dizal akan same su da ringi huɗu ko biyar. Ƙananan injuna waɗanda ake gauraya musu baƙin mai da fetur kuwa biyu gare su, ba su da ringin mai.

Akwai kuma wani aiki da mutane ba su cika sani ba. Fistin ba ya taɓa ruwan da ke sanyaya inji. Kaso mai yawa na zafin da ke sauka a kansa ta jikin ringi yake bi ya shiga bangon silinda, daga nan ruwan lagireto ya kwashe shi. Ringin da bai manne da bango ba yakan bar fistin cikin zafi har ya kumbura ya cije, ko kansa ya narke.

Ƙura

Bari mu yi ɗan lissafi da motar da tsofaffin ma'aikata suka fi sani, watau Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Injinta mai kusan lita biyu faɗin silindarsa milimita 88 ne, tazarar hawa da saukar fistin kuma milimita 81. Idan inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kamar yadda yake yi a kan doguwar hanya, kowane ringi yana gugar bango na tsawon mita 486 a minti, watau kimanin kilomita 29 a awa guda. Wannan ya kusa nisan da ke tsakanin Kura da birnin Kano. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a duk wannan tafiya shafen mai ne wanda bai kai kaurin gashi ba ko kusa.

Sa'an nan kuma, kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur, sai ya zuƙi iska kimanin lita 9,000. Duk abin da ke cikin wannan iska, in ba a tace shi ba, cikin silinda zai sauka. A nan ne halin yankin Kura ya bambanta da ƙasashen da aka ƙera waɗannan injuna. Lokacin da aikin rani ya fi kankama shi ne lokacin hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke kwaso hazo daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi. Ga kuma ƙurar hanyoyin gona marasa kwalta, ga wadda tarakta ke tayarwa wajen kaftu, ga ƙaiƙayi da dusa a wuraren casa. Akwai ƙwayoyin yashi cikin wannan ƙura, yashi kuwa ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya gauraya da mai sai ya zama kamar sanfefa, yana cin ringi da bango a kowane hawa da sauka.

Matatar iska ita ce ƙofar da ke tare wannan ɓarna, kuma ita ce aka fi wulaƙantawa. Idan ta toshe inji ya fara shaƙewa, wasu sai su huda ta, wasu su cire ta su ajiye, su ji inji ya saki su ɗauka sun yi gyara. A injin ban-ruwa ɗan soso ne da takarda, sau da yawa ya yage ko ya ɓata ba a mai da wani ba. Irin wannan inji, kamar Honda GX160 da masu kama da shi, baƙin man da ke cikinsa bai wuce lita 0.6 ba, kuma ba shi da matatar mai. Masu ƙera shi sun ce a juye man farko bayan awa 20, daga nan kuma duk awa 100. Injin da ke aiki awa goma a yini, kwana goma ya ishe shi cika awa ɗari. Amma akwai manoman da ciko kawai suke yi daga shuka har girbi. Haka nan kuma, shi wannan inji fantsala mai yake yi daga ƙasa, don haka in aka girke shi a karkace a bakin rafi, man sai ya koma gefe guda, silinda ta yi ta aiki a bushe.

Kafin A Buɗe Inji

Ba kowane hayaƙi ne na ringi ba, kuma mai mota da ya san bambancin zai tsira da kuɗinsa. Baƙin hayaƙi alama ce ta man tafiya ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa matatar iska ce ta toshe. Farin hayaƙi mai kama da tururi, wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, yana nuna ruwa na shiga silinda, galibi gasket ne ya ƙone. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙauri shi ne na baƙin mai. Shi ma iri biyu ne. In da safe kawai yake fitowa lokacin tayar da mota sa'an nan ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul. In kuwa yana ƙaruwa sa'ad da aka taka mota ko tana hawan tudu da kaya, to ringi ne. Wata alama kuma, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai inji yana aiki. In hayaƙi na bugowa daga ciki kamar bututu, wuta ce ke zurarewa ta gefen fistin.

Hanyar tabbatarwa ita ce awon matsi. A cire fulogai, a ɗaura agogon awo a gurbin kowanne, a juya inji a rubuta abin da ya nuna. Bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce kamar kashi 10 cikin 100 ba. Wadda ta gaza, a zuba mata ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a sake awo. In matsi ya ɗaga, ringi ne, domin man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In bai ɗaga ba, bawul ne ko gasket, kuma sauya ringi ba zai yi magani ba. Wannan dabara ta zuba mai ta injin fetur ce kawai, ba a yi wa na dizal, saboda man na iya kamawa.

Yadda Ake Ɗaura Ringi

Mataki na farko shi ne auna silinda. Silinda ba ta cinyewa daidai. Sama ta fi ci, inda zafi ya fi yawa mai kuma ya fi ƙaranci, sa'an nan takan buɗe ta gefe biyu har ta bar siffar da'ira. A can ƙarshen inda ringi ke tsayawa akan sami wani ɗan tudu da farce ke iya ji. Sai a auna sama da tsakiya da ƙasa, a tsaye da a gicciye, a gwada da abin da littafin injin ya faɗa. In cin ya wuce iyaka, sai an kai wa masu injin gyaran silinda su faɗaɗa ta zuwa mataki na gaba, watau ƙarin milimita 0.25 ko 0.50 ko 0.75 ko 1.00, a sayo fistin da ringi na wannan awo. Injuna irin na 504 da taraktoci da yawa silindarsu riga ce da ake zarewa a sa sabuwa, nasu ya fi sauƙi. Abin da bai kamata ba shi ne a sa ringi mai ƙarin girma cikin silindar da ba a faɗaɗa ba, wai don ya cike gurbi. A sama zai yi daidai, amma da ya sauka inda ba a ci ba sai bakunansa su haɗu ya karye. Shi kuma wancan tudu, in ba a kankare shi ba, sabon ringi mai kaifin gefe zai riƙa dukansa har ya fashe.

Mataki na biyu, gurzar bango. Tsohuwar silinda takan yi sheƙi kamar madubi, mai ba ya zama a kanta, sabon ringi kuma ba ya samun abin da zai goga ya zauna. Akwai duwatsun wasa na musamman da ake juyawa ciki ana hawa da sauka, su bar siraran zane masu gicciye da juna. Cikin waɗannan zane mai ke maƙalewa. Bayan an gama, sai a wanke da ruwan zafi da sabulu da buroshi, a yi ta gogawa da farin ƙyalle har ya fito fes, sa'an nan a shafa mai don kada ta yi tsatsa. Wankin fetur kaɗai ba ya fitar da garin dutsen, wanda ya rage kuwa shi zai fara cin sabon ringi tun ranar farko.

Na uku, tsagogin fistin. A kankare gawayin da ke ciki a hankali, ko da guntun tsohon ringi ne, ba tare da an ci jikin fistin ba, a kuma buɗe hudojin da ke tsagin ringin mai. Sa'an nan a sa sabon ringi a tsaginsa a auna sararin da ke samansa da ma'aunin tsaga, watau waɗannan siraran ƙarafa masu kama da reza da ke da lamba a jikinsu. A yawancin motoci bai kamata ya kai milimita 0.1 ba. In tsagi ya buɗe, ringi zai riƙa rawa yana tura mai sama kamar famfo, maganinsa sai sabon fistin.

Na huɗu shi ne awon bakin ringi, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin a sa ringi jikin fistin, a sa shi shi kaɗai cikin silindar da zai yi aiki, a tura shi da kan fistin don ya zauna sak, har ya kai ƙasa inda ba a ci ba. Sai a auna tazarar da ke tsakanin bakunansa biyu. Littafin inji shi ne alƙali, amma ƙa'idar da aka saba ita ce milimita 0.004 ga kowace milimita ta faɗin silinda. Ga silinda mai 88, kimanin 0.35 ke nan, ga ta injin ban-ruwa mai 68 kuwa, kimanin 0.27. Dalilin tazarar shi ne ringi yakan ƙara tsawo da zafi. In ta yi kaɗan, bakunan su haɗu, ringi ya tokare bango ya kankare shi ko ya karye. In ta yi yawa, wuta ta zurare. Wadda ta yi kaɗan ana ƙara ta da lallausan magagari, ana gogawa daga waje zuwa ciki don kada rufin fuskar ya ɓare. Wadda ta yi yawa kuwa babu gyara, ringin ba na wannan silinda ba ne. Duk ringin da aka auna a ajiye shi da fistin ɗinsa, kada a cakuɗa.

Na biyar, sa ringi jikin fistin, daga ƙasa zuwa sama. Ringin mai ake fara sawa, sifirin da farko, a tabbata bakunansa sun tokari juna ba su hau kan juna ba, sa'an nan siraran zobban biyu. Na biyu da na sama da filayar buɗa ringi ake sa su, a buɗe su gwargwadon yadda za su wuce kan fistin kawai. Murɗa su da hannu yakan lanƙwasa su yadda ido ba zai gani ba, amma ba za su sake kwanciya daidai ba. A duba gefen da ke da ɗigo ko rubutun TOP, shi ke kallon sama. Ringi na biyu in aka kifa shi, sama zai riƙa kankaro mai, inji ya fito daga gyara yana hayaƙi fiye da yadda ya shiga. Daga nan a juya su yadda bakunansu ba za su hau layi ɗaya ba, a raba kewayen uku kowanne ya kalli nasa ɓangare, ko yadda littafi ya nuna. Ƙananan injuna masu gaurayen mai kuwa akwai ɗan tsinke cikin tsagi, a kansa bakin ringi ke zama.

Na shida, shigar da fistin. A shafe ringi da bango da sabon mai. A ɗaure ringin da matsewarsu, watau wani faifan ƙarfe da ke naɗe fistin ya danne su cikin tsagoginsu. A duba kibiyar da ke kan fistin ta kalli gaban inji. A sa guntun roba a kan kusoshin sandar fistin don kada su ƙarce ƙaranshaf. Sa'an nan a riƙa bugun kan fistin a hankali da ƙotar guduma ta itace. In ya tsaya, ringi ne ya fito ya hau baki, sai a sake ɗaurewa, ba a ƙara ƙarfin duka. Masu danna ringi da sukuddireba ɗaya bayan ɗaya su ne ke karya shi ba su sani ba. A ɗaure kusoshi da sifana mai awo gwargwadon abin da littafi ya faɗa, kuma bayan kowane fistin a juya inji da hannu a ji yana tafiya sumul. Duk wannan aiki a kan tebur mai tsabta ake yinsa, cikin rumfa, ba a ƙasa a fili cikin hazo ba. Gaggawa dai aikin shaiɗan ce.

Bayan An Tayar

Sabon ringi da sabon bango sai sun goga juna kafin su saba. Akwai al'adar barin mota tana aiki a tsaye yini guda wai don ringi ya zauna. Wannan kuskure ne, domin kamar yadda muka gani matsin wuta ne ke manna ringi da bango, inji mara kaya kuwa matsinsa kaɗan ne, sai bango ya yi santsi ringi bai zauna ba. Abin da ya dace shi ne da inji ya ɗumama aka ga babu yoyo, a fita da mota, a riƙa sauya gudu, ana takawa ana saki, ba tare da lodi mai nauyi ko gudun wuce kima ba, har kimanin kilomita 1,000. Daga nan a juye mai a sauya matatarsa, domin garin ƙarfen da aka goge yana ciki. Direban da ya karɓi mota daga gareji da yamma, ya yi mata lodin tumatir ya kama hanyar Legas da asuba, ya sayar da rabin kwanakin ringinsa.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowace lita da inji ya ɓarnatar ta zama asara mai ciwo, injin da ringinsa ya ci kuwa yana shan mai da yawa ya ba da aiki kaɗan. Ga manomin rani abin ya wuce kuɗin mai. Injin ban-ruwa da ya tsaya mako guda lokacin da tumatir ke fure ko alkama ke fid da kai, zai iya tafiya da wahalar shekara.

Ma'aikacin da ya kai motarsa gareji, ko jami'in da ke kula da motoci da taraktocin hukuma, ba sai ya iya riƙe sifana ba. Ya isa ya yi tambaya uku kafin ya biya: an yi awon matsi kafin a buɗe? Nawa silinda ta nuna da aka auna? Nawa ne tazarar bakin ringi? Makaniken da ya san aikinsa zai ba da amsa da lambobi, kuma zai ji daɗi an tambaye shi. Wajen sayen kaya a Ƙofar Ruwa ko wata kasuwa, a tafi da lambar inji da awon silinda, a kuma tuna araha ba ta ado.

Yana da kyau malaman gona na KNARDA da na hukumar kogi su sa kula da matatar iska da juyen mai cikin abubuwan da suke koya wa manoma, kamar yadda suke koyar da sa taki da feshi. Haka nan ƙungiyoyin makanikai na Kura da Bunkure za su iya haɗa kuɗi su sayi agogon matsi da ma'aunin silinda da sifana mai awo, 'ya'yansu su riƙa ara, tun da ba kowa zai iya mallakar nasa ba. Ɗalibanmu na kwalejojin fasaha kuwa, su da suka koyi karanta ma'auni a aji, su daure su shiga gareji lokacin hutu. Makanikan suna da gwanintar hannu ta shekaru, su kuma suna da ilmin awo, in aka haɗa biyun injunan wannan yanki za su riƙa kai ƙarshen rani lafiya. Allah ya sa albarka a noman bana.